Ranar da Kawu Ya Zauna a Benci

Akwai wani mai sayar da kayan gyaran mota da ya ɗauki nauyin karatun 'yar ƙanwarsa, Auta, a makarantar koyon aikin jinya. A faɗi gaskiya, Kawun nan nata yana da kyauta. Kuɗin makaranta, littattafai, har fararen kayan aiki, duk shi ne. Matsalarsa ɗaya: in ya yi maka alheri, gani yake ya saye ka.

Da aka tura Auta asibiti koyon aiki, sai aka ajiye ta a teburin awon hawan jini, inda ake kiran marasa lafiya bi da bi kafin su ga likita. Shi ke nan, wayarta ta daina hutawa. Yau Kawu ya turo direba, gobe abokin ciniki, jibi surukin abokin cinikin. Saƙon ba ya canzawa: "Ki shigar da shi, kar ya bi layi."

Ita kuwa in ta dubi tsofaffi da masu goyo da ke kan benci tun safe, sai ta rasa inda za ta sa kanta. Haka ta yi ta ba baƙin Kawu haƙuri.

Rannan sai ga shi da kansa, ya rako wani babban abokin cinikinsa.

Ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Matar nan ce a gaba, ɗanta na numfashi da ƙyar."

"Ni kike faɗa wa layi? Kayan da ke jikinki wa ya saya?"

"Kai ne, Kawu. Amma wallahi ba zan iya ba."

"To, kuɗin jarrabawarki sai layin ya biya miki."

Jama'a, jarrabawar ƙarshe ce fa. In ba ta biya ba, wahalar shekaru ta tafi a banza. Hankalin Auta ya tashi. Uwarta ta ce ta je ta durƙusa. Ta je shagon Kawu, ya juya mata baya ya ci gaba da ciniki. Ta nemi tallafin makaranta, aka ce an rufe. Kullum tana aiki tana duba waya, shiru.

Ana cikin haka ciwon kai da jiri suka kama Kawu. Ya zo asibitin, girman kai ya hana shi neman Auta, ya yanki kati ya zauna a ƙarshen benci. Ta zo ta gaishe shi, ya amsa ciki-ciki.

Benci ba taushi, ga zafi, ga kai na sara. Ya tashi, ya zauna, ya matsa, ya sake matsawa. Da ƙyar layi ya zo kansa. Sai ga wani ya shigo yana kaɗa makullin mota, turare ya cika wurin.

"Ke nas, ina da taro. Shigar da ni yanzu."

Kawu ya zata za a tsallake shi. Ya san yadda ake yi, ai shi ma halinsa ke nan.

Auta ta ce, "Yallaɓai, ga benci can. Baban nan ne a gaba, ya daɗe yana jira."

Kawu ya taso, kunya ta rufe shi. Tana ɗaura masa abin awo a hannu ya ce a hankali, "Auta, kuɗin jarrabawar nan, yaushe za a rufe karɓa?"

"Gobe, Kawu."

"Kina tashi ki biyo shago. Ni ne ban kyauta ba, kuma..."

Ta share ido da bayan hannu ta ce, "Kawu, yi shiru. Ba a magana in ana awo."

Ya kuwa ja bakinsa ya yi shiru.

Darasi: In ka tallafa wa mai koyon aikin lafiya, ba ma'aikacin gidanka ka ɗauka ba, al'umma ka yi wa. Bar shi ya riƙe amana, don wata rana kai ne za ka zauna a bencin. Ku tura wa duk wanda ke ɗauke da nauyin karatun wani.