Tunau da Ramin Barmo

Tun giwa tana kwana a inda kasuwarmu take ci yanzu, aka yi wani maharbi mai suna Tunau. Daga arewa fari ya koro shi, shi da mahaifiyarsa Kande. Kirarinsa shi ne: Tunau na Kande, mai ganin sawun gada a kan dutse, baushe da ba ya harbin mai ciki.

Ƙishirwa ta kusa kashe su a dajin nan. Da tsohuwa ta kasa tafiya, sai ya goya ta. Suna cikin haka ya ga jan ciki a kan yashi, ya gane kada ce ta wuce. Ya bi sawun har ya kai su wani tafki mai sanyi, wanda giyayya da kanya da ɗinya suka rufe shi da inuwa. Kadar tana kwance a bakin ruwa. Ta dube su, ta ja jiki ta ba su wuri, suka sha.

Kande ta ce, "Wadda ta shayar da kai uwarka ce. Kar ka bari a taɓa ta."

Nan suka zauna. Tunau ya lura cewa idan rani ya tsananta, kadoji sukan nutse su tone ƙasan tafkin da farcensu, su buɗe idon ruwa, shi ya sa ba ya ƙafewa. Da mutane suka fara taruwa suna kafa bukkoki, ya yanka musu doka. Ba a harbin dabba tana shan ruwa. Ba a saran ɗanyen itace a bakin tafki. Kifi kuwa, da ƙugiya da homa kawai.

Ana nan sai ga wani baƙo mai suna Barmo, mai sana'ar bandar kifi. Tunau ya sauke shi, Kande ta riƙa tuƙa masa tuwo. Da rani ya yi, Tunau ya tafi doguwar farauta, Barmo kuwa ya tara maza a gindin kanya.

Ya ce, "Kai, kuna da haƙuri! Namiji ya wuni da ƙugiya, ya koma gida da 'yar tarwaɗa, matarsa tana harararsa? Mu a garinmu ganyen magimfa muke dakawa, mu haɗa da nonon aguwa, mu zuba a ruwa. Kifi ya bugu ya taso, kwasa kawai."

Wani ya ce, "Baushe fa ya hana."

Barmo ya ce, "Baushe yana can yana bin gada. Shi ya haƙa tafkin?"

Suka yi dariya, suka fito da turame. Kande ta zo da sandarta ta tsaya a gabansu.

Ta ce, "Barmo, ɗan nan, a gidana ka ci tuwo. Ya isa haka."

Ya ce, "Iya, koma inuwa. Za a kawo miki mai tsoka."

Suka daka, suka ƙunsa, suka jefa. Tsohuwar nan ta shiga ruwa har wuya tana tsamo ƙunshin dafin tana jefowa waje, maza suna tsaye suna kallo. Ruwan ya shige mata ido da baki. Aka fito da ita jiki duk ya kumbura, ba ta ƙara tashi ba.

Kifi ya taso fari fat, manya da ƙanana, har waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. Kwaɗi suka mutu, kififiya ta mutu, zalɓen da ya ci kifin ya faɗo daga sama. Kadoji suka fito a buge, aka bi su da kulake, aka feɗe fatunsu. Da itacen banda ya ƙare, sai suka sa gatari a giyayya da kanya, suka share bakin tafkin ƙaf. Abin da suka iya ci kaɗan ne. Saura ya ruɓe.

Da Tunau ya dawo, ya ga ungulaye tun daga nesa, ya ji wari kafin ya ga gari. Wata maƙwabciyarsu mai suna Tabawa, wadda ita ce ta yi jinyar Kande, ta tare shi ta faɗa masa komai, ta nuna masa kabari. Bai yi kuka ba. Maza suka shige ɗaka suna jiran kibiya. Ya je ƙofar Barmo ya tsaya.

Barmo ya leƙo ya ce, "Baushe, tsautsayi ne. Ga banda nan, ɗauki duk yadda kake so."

Tunau ya ce, "Ba zan ɓata kibiyata a kanka ba. Kibiya sau ɗaya take ciwo. Zauna ka sha ruwanka."

Ya zaga tafkin, ya sami tsohuwar kadar nan a wani rami ƙarƙashin kututture, da sauran numfashi. Ya jiƙa fata ya naɗe ta, ya goya ta yadda ya goya uwarsa, ya yi yamma. Tabawa da mutanen gidanta suka bi shi. A wani kwari mai giyayya ya sauke ta. An ce tana taɓa ƙasa ta fara tono, ba ta tsaya ba sai da ruwa ya ɓulɓulo ya cika kwarin. Shi ne garin nan namu, Tonon Kada.

A can baya kuwa, damina ta zo. Babu saiwar da za ta riƙe gaɓa, ƙasa ta zaizaye ta cika tafkin. Babu kadar da za ta buɗe ido. Babu kifi ko kwaɗon da zai cinye ƙwan sauro, zazzaɓi ya shiga kowane gida. Da rani ya dawo, tafkin ya koma busasshen laka mai tsagewa. Namun daji suka ƙaura. Rana ta yi zafin da ba a taɓa sani ba, hadari ya riƙa haɗuwa yana wuce su.

Sai ga mutanen tsohon garin sun taho da tuluna babu komai a ciki. Tunau yana zaune a kan dutse a bakin sabon ruwa, baka a cinyarsa. Ya ce mata da yara su sha. Mazan da suka yi daka suka durƙusa.

Ya ce, "Za ku sha. Amma ku da jikokinku, ku za ku riƙa yashe wannan ruwa da hannu, ku dasa itace a bakinsa, kuma kifinsa ba zai shiga bakinku ba."

Suka ce sun yarda. Barmo ne ya zo ƙarshe, leɓe duk ya tsage.

"Baushe, ko kurɓi ɗaya."

"Ruwanka yana inda ka bar shi. Je ka tono idon da ka toshe. In ka kawo mini ƙwarya cike daga can, ka sha a nan."

"Da me zan tona?"

"Kada da me take tonawa?"

Tabawa ta ce, "Baushe, ya isa haka."

Tunau ya ce, "Haka Inna ta ce masa."

Barmo ya koma ya yi ta tono da farce. Da aka je nemansa, a cikin ramin aka same shi a mace, faratansa duk sun zube, bakinsa cike da busasshiyar ƙasa. Ba wanda ya kai masa ko duka ɗaya.

Zuriyar masu dakan nan su ne ake kira 'Yan Turmi. Har yau, kowace shekara kafin saukar ruwa, su ke shiga tafkin Tonon Kada su yashe shi da hannu, babu fartanya, babu shebur, kadoji suna kwance a gefe ba sa taɓa su. Su ke dasa giyayya. Ko an dafa kifin tafkin a gidan biki, tashi suke yi.

Ramin Barmo yana nan a gabas da gari. Ko an wuni ana ruwa, ba ya riƙe ko ɗigo, ko ciyawa ba ta fita a bakinsa. Duk wanda aka kama yana zuba ƙazanta a tafki, ko yana saran itacen gaɓa, babba ne ko yaro, can ake kai shi da tsakar rana a tsayar da shi. Ba a dukansa, ba a zaginsa. Ana barinsa ne har sai ya roƙi ruwa da bakinsa.