Akwatin Wutar da Yaya Ya Raina

Akwai wani matashin tela da ya shekara biyu yana tara kuɗin kwamfutar gem. In ya sauka daga kan keken ɗinki, gem ne kaɗai hutunsa, shi ma a shagon haya. Duk sanda kuɗin suka kusa isa, sai farashi ya ƙara gaba ya bar shi.

Ana nan sai yayansa ya dawo daga ƙasar waje bayan shekara bakwai ba ya gida. Ɗan Waje ake ce masa. Tun da ya sauka, babu abin da ya yi masa daidai, daga titi har gaisuwar mutane.

"Kawo kuɗin," in ji shi. "Ni zan haɗa maka. Irin waɗanda na taɓa, ko a mafarki ba ka gani ba."

Suka je wurin wani dattijo mai gyaran kwamfuta, mai tabarau ɗaure da zare. Ya saurare su tsaf, sannan ya dubi telan.

"Ɗana, kaya sun yi tsada. Ɗauki matsakaicin katin hoto, zai yi maka gem lafiya. Ragowar ka zuba a akwatin wuta mai kyau, don shi ke ciyar da komai a ciki. Wutarmu ba ta da alƙawari."

Ɗan Waje ya yi dariya. "Baba, gyaran rediyo ka fi sani. Wa ke kallon akwatin wuta? Kati shi ne gem!"

"Yaya, ko mu ji ta Baba?"

"Kai da Allah rufe mana baki. Ɗinki ka iya."

Haka Ɗan Waje ya sayi babban kati mai fanka uku, ya ƙara da fitilu masu canza launi. Da canjin da ya rage ya ɗauko wani akwatin wuta marar suna, sakayau kamar ba komai a cikinsa.

Kwana tara suka yi suna jin daɗi. Rana ta goma da la'asar aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Sai ji suka yi fas! Ƙauri ya cika ɗakin, allo ya yi baƙi.

Suka kai wa dattijon kwamfutar. Ya buɗe ta, ya sunsuna, sannan ya ce:

"Akwatin ya tafi da katin, ya tafi da uwar allon da ake jona komai a kanta. Fitilun dai suna nan lafiya."

Telan ya tambayi kuɗin matsakaicin katin nan na farko. Shi ma farashinsa ya tashi, har ya kusa kamo na babban.

A hanya Ɗan Waje ya fara, "Ai a can, wuta ba ta..."

"Yaya," telan ya katse shi a hankali, "a nan na yi ɗinkin."

Yanzu kwalin katin yana kan teburin shagonsa, maɓallai da zare yake zubawa a ciki. In kwastoma ya ce kwalin ya yi kyau, sai ya ce, "Ƙwarai. Shekara biyu na yi ina biyansa."

Darasi: Idan kaya suka yi tsada, kada ka zuba guminka a abin da ido ke gani ka bar abin da ke riƙe da shi. Kuma daɗewa a waje ba ta sa ka fi mai sana'a sanin wutar unguwarsa. Ku tura wa wanda ke tara kuɗin kwamfuta, tun bai miƙa wa mai baki ba.