Gwangwanin Madara a Kwandon Barka

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a garin nan na Abuja, a shekarun da soja suka koma bariki, kuɗi suka shigo gari, duk inda ka duba gini ake yi. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba tonon asiri ya tara mu ba. Babban ɗan kasuwa ne a kasuwar Gudu, yana ba da sarin kayan gwangwani, su madara da kifi da abincin jarirai. Sahun farko ba ya wuce shi. In an kawo maganar gyaran masallaci, hannunsa ne farkon tashi.

Kun san doka ta ce duk abincin da aka rufe a gwangwani ko leda, sai an buga masa ranar da aka yi shi da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Ba a gogewa, ba a liƙa wani a kai. In wa'adi ya cika, a janye kayan a lalata. Me ya sa? Don cikin gwangwani duhu ne. Tuwo in ya kwana kana iya sansanawa, amma abin da ke rufe ba ka da ido a kansa sai 'yan lambobin nan.

Mutumin nan ya fi kowa sanin haka. A gidansa ba a buɗe gwangwani sai an juya gindinsa an duba. Tun 'yarsa Khaula tana ƙarama ya koya mata, har ya zame mata jiki.

Amma yana da wani sito a Mpape, can bayan inda ake fasa dutse. Nan yake tara kayan da suka yi esfaya, wato wa'adinsu ya ƙare, waɗanda yake kwasowa a arha. Rufin yana yoyo da damina, da bazara kuma zafi kamar tanda. Shi da kansa yake zama da auduga da tina, ruwan nan mai cire fenti, ya goge tsohon kwanan wata, ya kankare tsatsa, ya buga sabo da hatiminsa. Hatimin yana da ɗan aibi, lamba huɗu ƙafarta a gutsure take. Shi kaɗai ya san da wannan.

Ku ji wayon Shaiɗan. Ba ya sa kayan a shagonsa. Masu haɗa kwandon kyauta yake ba su sari, irin kwandunan nan da ake naɗewa da leda mai ƙyalli, ma'aikata su saya su kai barka ko gaisuwar Sallah. A lissafinsa, wanda ya saya ba shi zai ci ba, wanda zai ci bai san inda aka saya ba. Kuma wa ya taɓa mayar da kyauta kanti ya ce ba ta da kyau?

Ana nan Khaula ta girma, ta yi karatu, ta samu aiki a wata ma'aikata, ta auri wani yaro mai ladabi, Abdulrauf. Allah ya ba su ɗa namiji, aka yi wa mutumin nan takwara. Murna kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Sai dai da tiyata ta haihu, nono bai wadata ba, likita ya ce a riƙa haɗa wa yaron da madarar jarirai.

Wata rana bayan La'asar ya je ganin takwaransa. Falo cike da mata 'yan barka, surukinsa na zaune a ƙasa kusa da ƙafarsa. Khaula tana ba shi labarin yadda abokan aikinta suka haɗa kuɗi, Madam Rosemary shugabar ofishinsu ta kawo mata ƙaton kwando. Ga gwangwani a buɗe kan tebur. Sabo ya sa ya ɗauka ya juya gindinsa.

Ga lamba huɗu da gutsurarriyar ƙafa.

Ya 'yan uwa, a nan Allah ya buɗe masa ƙofa. Kalma ɗaya ta isa. Amma ya dubi surukin da ke ganin girmansa, ya dubi matan da za su kwashi zancen zuwa kowane ofis a garin nan. Ya ce kawai zai aiko da wata madarar da ta fi wannan. Khaula ta yi dariya ta ce, "Baba, kada ka damu, na duba. Da sauran shekara guda."

Washegari ya aika katan na mai kyau, ya ce wa ransa shi ke nan, an rufa asiri. Ita kuwa 'yar ɗan kasuwa ce, ta tashi tana jin ubanta yana cewa tsohon kaya ake fara fitarwa. Ta adana sabon katan, ta ci gaba da na kwando.

Ba a jima ba yaro ya kama amai da gudawa. Idanu suka faɗa, maɗiga ta lotsa. Aka yi asibiti da shi, aka sa ƙarin ruwa. Likita ya ce a kawo abin da yaron yake sha. Ya juya gwangwanin, ya ga kwanan wata lafiya lau, ya tambaya ko akwai mai shakka a kan madarar. Abdulrauf ya nuna surukinsa, ya ce ga wanda ya fi kowa sanin kayan nan. Duk suka juyo suna kallonsa.

Ƙofa ta biyu ke nan. Yana jin kukan jikansa da ya koma kamar na ɗan mage. Me kuke tsammani ya ce? Cewa ya yi, "Ai kwanan watan yana da kyau."

Sai likita ya ɗora laifin a kan ruwa. Ya ce a riƙa tafasawa sosai, a ci gaba da ba yaro abincinsa kada ya galabaita. Mutumin nan yana tsaye uwar ta ɗebi garin madarar da ya kwana damina biyu a Mpape, ta kaɗa, ta sa wa ɗanta a baki tana bismillah. Ya so ya faki ido ya musanya gwangwanin, amma jakar da yake ciki tana gefenta, ba ta ko matsawa.

Sai da yaron ya daina kuka gaba ɗaya, numfashi yana fita da ƙyar, sannan kakan ya fizge kwalbar madarar daga hannunta ya faɗi komai, a gaban likita da nas da suruki. Aka ruga, aka canza magani, aka yi iya yi. Kafin azahar ɗin washegari an naɗe takwaransa a likkafani. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hukuma ta fasa siton Mpape, aka ƙone kayan a bainar jama'a, aka rufe shagon Gudu, aka kai shi gaban alƙali. A nan ya ji cewa ba gidansa kaɗai kwandunan suka shiga ba. Amma waɗanda suka san shi sun ce duk wannan bai karya shi ba kamar abin da ya faru a wurin zaman makoki. Ya durƙusa gaban 'yar cikinsa yana neman gafara. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Baba, kai ka koya mini in duba. Na duba." Daga ranar ba ta sake haɗa ido da shi ba.

To, ya 'yan uwa 'yan kasuwa, da ku nake. Lambobin nan shaida ce kuke bayarwa ga wanda ba ya gani, kuma wanda ya goge su shaidar zur ya yi. Kun sha jin abin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya faɗa a kan mai algus. Kada wani ya ce ai ɗansa ba zai sha ba. Wanda zai sha ɗin, ba ɗan wani ba ne? In kuma ka riga ka yi, ka faɗa tun faɗin yana da amfani, don kunyar duniya tana wucewa. Wanda ya san yana da irin katan ɗin nan a sitonsa, kada ya bari rana ta faɗi bai fitar da shi ba.

Allah ya tsarkake mana nemanmu, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya a kan kanmu, ya kiyaye mu da zama sanadin hawayen 'ya'yanmu da na 'ya'yan wasu. Amin.