Ya Shiga, Baba

Shamsu mutumin Faskari ne, kuma duk wanda ya san shi ya san kansa yana ja a harkar kwamfuta. Aibinsa ɗaya, gaggawa. Mutum ne da ko shayi ba ya bari ya huce, kullum harshensa a ƙone yake.

A shekarar da 'yan bindiga suka tashi wani ƙauye a yankin Sabuwa, mutanensa suka warwatsu, wasu Faskari, wasu Ƙanƙara. Mutum ɗaya ne ya rage da ya san iyakar kowace gona da ka, wato Baba Mani, tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya. Da ƙungiyar 'yan ƙauyen ta ga jikinsa ya fara rauni, sai ta ɗauki Shamsu ya rubuta duk abin da ke kansa, don ranar da Allah ya kawo komawa gida kada a cinye wa marayu gado.

Fayil ɗin da za a yi rubutun a ciki yana kwamfutar ƙungiya can Ƙanƙara, a hannun sakatariyarsu Hafiza. Shamsu daga Faskari yake buɗe shi da manhajar rubutu, ya yi aiki, ya tura. Hafiza ta saita masa manhajar da kyau: in ya danna adanawa, ta jira amsa har sakan sittin, in amsa ba ta zo ba ta yi gargaɗi, sannan ta ajiye kwafi a kwamfutarsa. Ta ja masa kunne a waya cewa sabis ɗin Faskari ba shi da tabbas, don Allah kada ya taɓa saitin nan.

Ina! Tun safiyar farko Shamsu ya ƙosa. Ya danna, manhaja ta tsaya tana jira, shi kuma yana kaɗa ƙafa yana tsaki. Can sai gargaɗi ya fito cewa lokacin jira ya ƙare, ba a sami amsa ba. Maimakon ya kira Hafiza, ko ya matsa inda sabis ya fi ƙarfi, sai ya shiga saiti. Ya mayar da sittin biyar. Ya kashe duk wani gargaɗi, wai ya cika surutu. Ajiye kwafi ma ya kashe, wai shi ke sa kwamfuta nauyi. Nan take komai ya koma santsi, ya danna, ko ƙyaftawa babu. Har murmushi ya yi, yana ganin ya fi Hafiza iyawa.

Kwana uku Baba Mani yana kishingiɗe a zaure yana faɗa, Shamsu yana bugawa. Gonar wane daga tsamiyar bakin rafi zuwa gawo mai rassa biyu. Ta wane daga tsohuwar rijiya zuwa jar ƙasa. Wani lokaci tari ya sarƙe shi, wani lokaci ya ambaci wanda aka kashe ya share hawaye. Duk gonar da ya gama sai ya ɗago.

"Ya shiga, ɗana?"

"Ya shiga, Baba."

Ba abin da yake shiga. Sakan biyar ba ya isar sabis ɗin Faskari ko gaisawa da Ƙanƙara, manhajar tana yanke haɗin ta yi gum, tunda an rufe mata baki. Rubutun yana nan a fuskar kwamfuta, shi ya sa Shamsu bai damu ya duba ba. Ran na uku da la'asar ya rufe manhajar, ita kuwa ba ta tambaye shi komai ba.

Bayan sati biyu Allah ya yi wa Baba Mani rasuwa.

Bayan addu'ar bakwai wata mata mai suna Suwaibatu ta zo wurin Shamsu. An kashe mijinta a harin, ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ga shi wani ɗan'uwansa ya fara cewa rabin gonar tasa ce. Ta roƙe shi ya fitar mata da abin da Baba ya faɗa a takarda. Shamsu ya buɗe fayil yana ce mata ta kwantar da hankalinta. Layi biyu ya tarar, bisimilla da sunan ƙauyen, waɗanda suka samu shiga tun da fari kafin ya taɓa saiti. Ya kira Hafiza, ta bincika ko'ina, sannan ta tambaye shi kwafin da ke kwamfutarsa. Sai a lokacin ya tuna shi da kansa ya kashe ajiye kwafin.

Suwaibatu ta dube shi. "Ina bakin ƙofa ran da Baba ya hwaɗi tamu," in ji ta a hankali. "Da kunnena na ji ka ce mashi ya shiga."

Ta gyara goyonta ta fita. Shamsu ya kifa kai a tebur yana kuka. Ya yi ta ƙoƙarin tuno iyakar gonarta, amma lokacin da tsohon ke magana hankalinsa yana kan saurin yatsunsa. Tsamiya kawai ya tuna, kuma ƙauyen cike yake da tsamiya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gargaɗi ba abokin gaba ba ne, kuma kashe shi ba ya gyara matsalar da yake nunawa. In na'ura ta ce ka jira, ka jira, ka binciki dalili, ka tambayi wanda ya saita ta. Kada kuma ka ce wa mutum amanarsa ta isa sai ka duba da idonka. Minti ɗaya Shamsu ya ƙi jira, marayu huɗu suka rasa shaidarsu.