Tunku Mai Saurin Amsa

An taɓa yin wata tsohuwar Bushiya a bakin wata fadama, wadda ƙananan dabbobi suke zuwa wurinta koyon lissafi. Gwaggo suke kiranta. Ba ta da allo, ba ta da bulala. 'Ya'yan tsamiya take zubewa a ƙasa, ta tara, ta ɗebe, har mai koyo ya gani da idonsa. Halinta ɗaya ne, ba ta gaggawa.

A cikin ɗalibanta akwai wani ɗan Tunku wanda Allah ya ba kaifin ƙwaƙwalwa, shi kuma ya ƙara wa kansa girman kai. Tun sauran suna fama da biyu a tara da uku, shi ya wuce nan. Saboda haka Gwaggo takan keɓe masa tambayoyi masu ƙulli.

Wata safiya ta ce, "Na riƙe wata lamba a zuciyata. Na ƙara mata biyar, na ɗebe uku, sai ta zama goma sha biyu. Wace lamba..."

"Goma!" in ji Tunku. "Da baya na taka, Gwaggo. Na mayar da ukun, sha biyar ke nan, na cire biyar ɗin, saura goma. Ba ki da mai ƙashi ne? Wannan ai kunu ne."

"Ɗan nan," in ji Gwaggo, "tambaya baƙuwa ce. Akan bari ta zauna ta sha ruwa tukuna."

"In na jira ta zauna, waɗannan za su yi furfura ba su gama ƙirga yatsunsu ba," in ji Tunku, yana nuna 'yan ajin da wutsiya.

Bayan an tashi, kowa ya watse, sai ga Zabuwa ta taho a guje, muryarta ta riga ta isowa. Ita kuwa Zabuwa ba ta iya damuwa a hankali ba, komai nata da kururuwa take yi.

"Yaya! Yaya Bushiya! Na shiga uku, na lalace!"

"Zauna, ki faɗa mini da muryar da kunne zai iya ɗauka."

Ya kamata in bayyana wa mai karatu wata al'ada ta zabi, domin kada abin ya rikice masa. Su zabi ba kowace ke yin gurbinta ba. Sukan haɗu su biyu ko uku su riƙa saka ƙwai a gurbi ɗaya cikin ciyawa, sa'an nan ɗaya ta yi kwanci a kan duka. To, wannan Zabuwa ita ce 'yan'uwanta biyu suka ba amanar gurbinsu.

Ta ce, "Ni na saka biyar, yayarmu shida, autarmu bakwai. Kowa ta san nata. Amma gurbi ya ƙi cika! Kullum na fita kiwo na dawo, sai in ga kamar an taɓa. Yanzu sun ce ni nake shanyewa. Ni! Sun ce in ban kawo hujja gobe ba, za su karɓe kwancin, su kore ni daga garke. Zabuwa ita kaɗai a fili, Yaya, ai kin san abincin shaho ce."

"Nawa suka rage a gurbin?"

"Ina na sani? Duk lokacin da na kai bakwai sai raina ya ɓaci, in fashe da kuka, in manta inda na tsaya!"

"Kin ga ɓawo a kusa?"

"Ko ɗaya."

Gwaggo ta shiga tunani, tana juya wani ɗan tsamiya da hancinta. Maciji haɗiyewa yake yi ya kwanta nan kusa. Hankaka fasawa yake yi ya bar ɓawo. Amma ɓarawon da ke ɗiban kaɗan kaɗan, yana auna abin da zai bari don kada a lura, wannan ya san tarawa da ɗebewa. Waɗanda suka san su a fadamar kuwa ba su da yawa, kuma duk a gabanta suke zama.

Ta ce, "Koma ki kwanta a kan ƙwan nan. Kada ki tashi, kada ki bar kowa ya leƙa, sai na zo. Kuma ki rufe bakinki."

"Kwanciyar dai zan iya," in ji Zabuwa.

Washegari da ɗalibai suka taru, Gwaggo ta nuna musu wani kututture da ke gefenta. Ta ce, "Na tsufa, muryata ta fara gajiya. Yau zan yi tambayoyi a jere. Wanda ya riga kowa amsa su duka, shi zai riƙa hawa nan yana yi wa sauran tambaya."

Tunku ya dubi kututturen, ya ga kamar don shi aka sare itacen. Ya gyara zama, gashin wutsiyarsa ya miƙe.

"Kurciyoyi tara a reshe, huɗu suka tashi, shida suka sauka."

"Sha ɗaya!"

"Wa da ƙane sun tsinci goriba goma sha biyar, wan ya fi ƙanen da uku."

"Tara da shida!"

"Kwaɗi ashirin a bakin ruwa, takwas suka faɗa, uku suka fito."

"Sha biyar! Ƙara wuta, Gwaggo, barci nake ji!"

"Zabi uku suka saka ƙwai a gurbi ɗaya, wannan biyar, wannan shida, wannan bakwai. Ɓarawo ya yi ta ɗiba. Nawa suka..."

"Sha biyu!"

Tunku ya yi tsalle ya haye kututturen tun ba a ba shi izini ba. Ya dubi 'yan ajin, ya ga kowa ya yi tsit. Ya ce, "Kun gani? Ko motsi ba su yi ba. Kai, Allah ya sawwaƙe muku!"

"Bayyana mana yadda ka taka," in ji Gwaggo a hankali.

"Biyar da shida, sha ɗaya. A ƙara bakwai, sha takwas. A ɗebe shida, saura sha biyu. Har wannan sai an yi bayani?"

"Tarawarka ta yi kyau. Shidan da ka ɗebe fa, ina ka samo ta?"

"Wadda ɓarawon ya ɗiba mana! Biyu, da biyu, da ɗaya, da..."

A nan ya farga. Ina roƙon mai karatu ya koma ya sake duba tambayar da kansa, kalma bayan kalma, kada ya dogara da ni. Zai tarar ba a faɗi adadin da ɓarawo ya ɗiba ba.

Gwaggo ta ce, "Waɗanda ka yi wa dariya su ne suka amsa daidai, domin tambayar gurguwa ce, ƙafarta ɗaya babu. Ni da na yi ta ban san amsarta ba. Mai gurbin ma ba ta sani ba. Mutum ɗaya ne a fadamar nan zai iya sani."

"Cinta na yi, Gwaggo! Lamba ce kawai ta faɗo mini a baki!"

"To, mu je mu ga ko bakin naka yana duba."

Suka ɗunguma gaba ɗaya zuwa cikin ciyawa, Tunku a baya, abin da bai taɓa yi ba. Zabuwa ta tashi daga gurbi, 'yan'uwanta suna tsaye. Gwaggo ta sa 'yan aji suka ƙirga da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Ƙwai goma sha biyu cif.

Zabuwa ta buɗe baki, duk fadamar ta ɗauka. "Kun ji! Kun ji ko? Ni ce mai shan ƙwai? Ga malamin lissafinku nan! Ashe ni nake kwanci, shi yake ɗebewa!"

Yayarta da autarsu suka sunkuyar da kai, suka ce, "Ki yafe mana, 'yar'uwa. Kwanci naki ne."

Gwaggo ta juya wurin Tunku. "Saura tambaya ɗaya, ɗan nan, kuma wannan tana da ƙafafunta duka. Ƙwai shida suka shiga surin da kake kwana. Nawa ne suke nan har yanzu?"

Wannan karon Tunku ya daɗe bai amsa ba. Ya dubi ƙasa, ya dubi sama, sa'an nan ya ce da ƙaramar murya, "Huɗu."

"Biyun fa?"

"Sun tafi inda ba a dawowa, Gwaggo."

Aka sa shi ya gangaro da huɗun da hancinsa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga suri har gurbi, zabi uku suna biye da shi suna yi masa shela. A madadin biyun da ya sha kuwa, aka yanke masa gadin gurbin, ya riƙa korar macizai har ranar ƙyanƙyasa. Ya yi ta zama a rana, ƙanshin ƙwai goma sha shida yana shiga hancinsa, ba halin ya lasa ko ɗaya, Zabuwa kuma tana ba shi labarin halinsa daga safe har yamma.

Darasin da ke cikin wannan labari, ya ku 'ya'yana, shi ne: kaifin ƙwaƙwalwa baiwa ce, amma in aka haɗa ta da kwaɗayi da son a yaba, ita ce za ta fara kai ƙarar mai ita. Ku saurari tambaya har ƙarshenta, ku duba abin da aka ba ku da abin da ba a ba ku ba. In wani abu ya ɓace a cikinta, ku ce ba ku sani ba, wannan ma amsa ce, kuma babu kunya a cikinta.