Jimina da Jirgin da Ya Ƙi Kaɗa Fiffike

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta!

Jimina ce gorin ƙananan tsuntsaye ya ishe ta, wai ga girma ga fiffike amma ba ta tashi. Cikin fushi ta tsige gashinta ta sayar, ta sayo ɗan ƙaramin jirgin sama.

Shirwa ta ce, "Yaya, ki fara koyon tuƙi tukuna."

Jimina ta daka mata tsawa. "Ni tsuntsuwa 'yar tsuntsuwa za a koya wa tashi? Rufe min baki!"

Ta tara gari, ta shiga ta hakimce, ta ce, "Tashi!" Jirgi ko motsi bai yi ba. Ta leƙa, ta ga fikafikansa a sandare.

"An cuce ni! Shanyayye suka sayar mini!"

Ta diro ta yi ta shurin fikafikan wai su saki. Shirwa na ihu, "Yaya, haka ake ƙera su!" Ina! Sai da suka ɓalle.

Yanzu kaji ke ƙwai a cikinsa. Ita kuwa har yau wuyanta da cinyoyinta ba gashi.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera, kowa ya kama gabansa!