Telan da Ke Duba Saiwar Wardi

Akwai wani mutum, tela ne, yana zaune da matarsa da mahaifiyarsa a wani gari mai sanyi da ke kan duwatsu. Gwani ne a sana'arsa. In ya ɗinka riga ya ga zare ɗaya ya kauce, sai ya warware ɗinkin ya sake daga farko. Mutane suna son aikinsa, ko da yake sukan sha jira.

Mutumin nan yana da ƙane guda, sunansa Barnaba. Ranar da aka binne mahaifinsu, telan ya tashi a gaban jama'a ya ce Barnaba bai kula da tsohon ba lokacin jinya. Barnaba ya juya ya bar wurin. Ya ɗauki jakarsa ya koma garin da yake aiki, shekara shida bai sake taka gidan ba. Sai daga baya telan ya ji gaskiya. Ashe a lokacin Barnaba kansa yana kwance ba lafiya, ya ɓoye ne don kada hankalin gida ya ƙara tashi.

Wata rana mahaifiyar ta kira telan ta ce, "Ɗana, ƙarfina ya fara ƙarewa. Ina so in ga ƙanenka tun idona yana gani."

Ya ce, "Zan rubuta masa, Mama."

Ya sayi littafin rubutu da alƙalami. In ya tashi daga kan keken ɗinki da yamma, sai ya zauna ya cika shafi. Da safe sai ya karanta abin da ya rubuta, ya ɓata fuska. Wannan kalma ta yi tsauri. Wannan ta yi laushi da yawa, Barnaba zai ce wayo ne. Nan kuma layin ya karkace. Sai ya kekketa takardar ya zubar. Haka ya yi ta yi har wata uku.

Da farkon damina matarsa ta dawo daga taron zumuntar mata na ikkilisiya da rassa shida naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Ta ce na wardi ne, furen nan mai ƙaya da ƙanshi, wata tsohuwa ce ta yanko mata daga lambunta.

Telan ya ce, "Ba ni uku, ki ga yadda ake aiki da tsari."

Ya ɗauko tef ɗin awonsa, ya auna zurfin rami, ya auna tsakanin rami da rami, ya tankaɗe ƙasa, ya dasa rassansa a jere a gindin katanga. Ita kuwa matar ta cusa biyu a tsohon bokiti, ɗaya a fasasshen tulu, ta watsa musu ruwa ta shiga madafa.

Bayan mako biyar, na matar suka fid da toho jajaye. Na telan kuwa biyu sun yi baƙi sun bushe, na ukun ne kaɗai da sauran ɗan kore a jikinsa. Ya ce laifin ƙasa ne. Ya ce laifin kaji ne, har ya sa aka rufe su a akurki kwana uku.

Ran nan matar ta fito da sassafe za ta hura wuta, sai ta hango mijinta tsugune a gindin katanga. Ya zaro reshen daga ƙasa a hankali, ya hure ƙurar da ke gindinsa, ya juya shi ya duba, sa'an nan ya mayar ya daddanna ƙasa.

Ta ce, "Maigida, me kake yi?"

Ya ce, "Ina duba ko saiwa ta fito."

"Tun yaushe kake wannan dubawa?"

"Kowace safiya. Ai ina mayarwa da kyau."

Matar ta yi dariya har sai da ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Wayyo kajina! An rufe ku a banza, ashe ga mai tonon nan."

Telan ya ji kunya, ya ce, "To, ke ta yaya kika san naki sun yi saiwa?"

Ta ce, "Ban sani ba. Ruwa nake ba su in tafi harkata. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba aikina ba ne."

Sai ta shiga ɗaki ta fito da kwando cike da guntayen takarda, ta ajiye a gabansa. Ta ce, "Kullum in na yi shara ina tsintar waɗannan. Na kasa hura wuta da su saboda sunan Barnaba yana kai. Fiye da wata uku ke nan, ba ka taɓa barin ɗaya ta kwana biyu ba. Mama kuma kullum tana tambayata ko amsa ta zo."

Mutumin ya dubi kwandon, ya dubi reshen. Can ya ce, "To, me zan yi?"

Ta ce, "Rubuta ka ba ni."

A ranar bai taɓa keke ba. Ya rubuta wasiƙa shafi ɗaya da rabi, ya miƙa mata. Ta jefa a akwatinta ta kulle, ta ɗaure mabuɗin a bakin zane. Ta ce sai bayan kwana bakwai. Ya kuma yi mata alkawari ba zai sake taɓa reshen ba. In zai wuce ta gindin katangar, sai ya haɗa hannuwansa a baya kamar mai gadi, ya leƙa daga nesa.

Da kwana bakwai suka cika, ta ba shi wasiƙar. Ya karanta, sai ya ga ba ta yi muni kamar yadda yake tsoro ba. Wuri ɗaya ne ya dame shi, inda ya rubuta cewa, "Amma kai ma da ka gaya mana ba ka da lafiya, da duk wannan bai faru ba." Ya kai hannu zai kekketa, matar ta kafa masa ido. Sai ya ɗauki alƙalami ya soke layin kaɗai, ya naɗe takardar, ya kai wa direban da ke zuwa garin Barnaba. Motar tana tashi ya tuna bai sa kwanan wata ba. Ya ɗaga hannu, amma direban ya riga ya sha kwana.

Mako ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, babu labari. A mako na uku reshen telan ya fid da ɗan ganye guda. A mako na huɗu, ranar Asabar da azahar, aka yi sallama a ƙofar gida. Ga Barnaba da matarsa da damin doya.

Yaya da ƙane suka tsaya suna duban juna. Barnaba ya zaro takardar daga aljihu, ta yi laushi saboda yawan buɗewa. Ya ce, "Yaya, na karanta. Har layin da ka soke, na ɗaga takardar ga rana na karanta shi."

Telan ya sunkuyar da kai.

Barnaba ya ce, "Da ka bar shi, da ban zo ba. Amma da na ga ka rubuta, ka kuma soke da hannunka, sai na ce wa matata, yayana ya canja, ɗaura kaya."

Suka rungumi juna suna kuka suna dariya. Mahaifiyarsu ta fito ko sandar dogarawarta ba ta ɗauka ba, ta riƙe kan Barnaba da hannu biyu tana yabon Ubangiji.

Kafin shekara ta zagayo, wardin matar ya cika tsakar gida da furanni. Na telan ya yi fure ɗaya tak, ƙarami, reshen ma a karkace. Duk wanda ya kawo ɗinki, sai ya kai shi gindin katanga ya nuna masa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: reshen nan shi ne kowane abin kirki da muka fara. Wani ya fara koyon karatu da furfura a kansa. Wata tana rubuta waƙa domin mawaƙan ikkilisiya. Wani ya fara yaƙi da fushinsa. Namu shi ne mu dasa mu ba da ruwa, wato mu zauna mu yi aikin yau da gobe, mu yi addu'a. Saiwa kuwa a ɓoye take fita, a lokacin da Allah ya tsara. Wanda yake tuge kansa kowace safiya yana cewa, "Ban canja ba, ban iya ba, bari in sake daga farko," shi ne yake kashe abin da ya fara kamawa. Iyaye ma sukan yi wa 'ya'yansu haka da yawan bincike da faɗa.

Ba a hana gyara ba. Telan ya gyara wasiƙarsa, amma bayan ya ba ta kwana bakwai, layi ɗaya kuma ya soke, bai yaga duka ba. Ku lura kuma da abin da ya dawo da Barnaba gida. Kyawun rubutu bai motsa shi ba, wurin da aka soke ne ya karya masa zuciya. Ubangiji ba ya jiran mu zama marasa kuskure kafin ya yi aiki da mu, tuban da ake gani yake nema.

In akwai wani a cikinku da yake da maganar da ya kamata ya rubuta wa ɗan'uwansa, ya rubuta ta a wannan mako. Ya bar ta ta huta, ya soke abin sokewa, ya aika. Kada ya jira sai ta yi kyau, gama wanda ake rubuta wa yana can yana jira.